Kayan da suka yi wa yara kaɗan: tsakanin dillaliya da sadaka

Wata 'yar uwa ta rubuto mini daga unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Salamu alaikum Anti. 'Ya'yana uku, babbar shekararta 11, autan 4. Muna zaune a ɗaki da falo a gidan haya. Kayan da suka yi musu kaɗan sun cika akwati biyu da buhu uku, ƙarƙashin gado babu masaka tsinke. Da yawa yayata da ke Amurka ce ta aiko, wasu ko sau uku ba a sa ba. Ta ce in yi yadda suke yi a can, in baza su a ƙofar gida ran Asabar in sayar, ga shi kuwa ina neman kuɗin takalma da jakunkunan makaranta. Da uwar mijina ta ji, ta ce a gidansu ba a taɓa sayar da rigar yaro ba, mutane za su ce ɗanta ya gaza. Ta ce kuma kada a ba bare, don da tufa ake yi wa yaro sammu. Na taɓa ba ƙanwar mijina buhu guda, daga baya na ga rigar 'yata a jikin wata yarinya da ban sani ba, ashe sayarwa ta yi. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya sa musu albarka.

Kina tambaya tsakanin sayarwa da bayarwa, amma shekaru ke nan kina kan hanya ta uku, wato ajiya, kuma ita nake so ki fara bari. Kin san ɗakunanmu na Nima da Mamobi: taga ɗaya, bango yana shan ruwa tun daga Afrilu har Yuli, ga iskar teku mai laima. Tufa ba ta jiran kowa a irin wannan ɗaki. Ni kaina na ninke kayan 'yata ta fari a akwatin ƙarfe, ina cewa sai ƙanwarta ta zo. Allah bai kawo ƙanwar ba, maza biyu ya ba ni. Ranar da na buɗe akwatin bayan shekara shida, fumfuna ta yi wa fararen baƙin ɗigo-ɗigo da sabulu ya kasa fitarwa, robar wanduna ta saki, tsatsa ta kama na ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai, a gidan da muke haya akwai wata marainiya da na riƙa gani da riga guda duk shekarun nan, kuma lokacin da na buɗe ta riga ta wuce girman kayan. Har gobe in na tuna ina neman gafarar Allah.

In kin ce ai kin zuba kafur, to a nan ma ki dakata. Ma'aikatan jinya a wurin awo sun daɗe suna jan kunnen iyaye a kan fararen ƙwayoyin nan da muke jefawa a akwati. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma suna da yawa a ƙasar nan. Irin wannan jariri, kafur da ya kama tufarsa yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, ya jawo ciwon shawara mai tsanani a kwanakinsa na farko. Duk kayan jarirai da suka kwana da kafur, a wanke su fiye da sau ɗaya, a shanya su a rana har warin ya fita ɗungum. Wanda warin ya ƙi barinsa kada ya je jikin sabuwar haihuwa, ko da kuɗi ko kyauta.

Ki ware abin da zuciyarki ba za ta iya saki ba, kamar rigar suna ta kowane yaro. In kina sa ran wata haihuwa, ki ƙara 'yan kayan jarirai na auduga da za su shiga jaka ɗaya. Jaka ɗaya na ce. Sauran duk su fita kafin damina mai zuwa.

Batun ko sayarwa abin kunya ce, a'a, ba abin kunya ba ce. Zangon da muke ciki, wato unguwannin Hausawa na Ghana, ciniki ne ya kafa shi. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Salaga daga Kano da Katsina da Sakkwato, daga nan suka gangaro Kumasi da Accra. Matan cikin gida kuwa tun can suna da hanyarsu ta mai da kayan ɗaki kuɗi ba tare da an ga fuskarsu ba: dillaliya. Ita ke shiga gida-gida da ƙunshi a ka, zanen wance da kwanon wance, ta sayar, ta cire la'adarta, ta kawo sauran, kuma bakinta a rufe. Hajiya, uwar mijinki, ta san wannan sarai, ina da yaƙinin ta taɓa saye ko sayarwa ta hannun dillaliya. Abin da take gudu shi ne a ga kayan jikokinta a baje a bakin titi, a ce gidan wane ne. A wannan kam ina bayanta, ko da dalilina ya bambanta da nata.

Yayarki ta faɗi abin da ta gani, kuma a can yana tafiya. Gida nasu ne su kaɗai, da fili a gaba. Masu saye a mota suke tsayawa, ba su san mai kaya ba, ba za su sake haɗuwa ba. An liƙa kuɗi a jikin kowace riga, babu mai cewa a ba shi bashi. Abin da ya yi kwantai a kai shagon masu karɓar taimako, kuma da yawa daga abin da waɗannan shagunan suka kasa sayarwa shi ake ɗaurewa dila-dila, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema, ya zo mana a matsayin gwanjo. Ke kuwa ƙofar gidanku ba taki ba ce ke kaɗai. Akwai mai gida, akwai 'yan haya, wataƙila mai koko da ƙosai ta riga ta kafa teburinta a wurin. Masu tayawa su ne waɗanda kuke layin famfo tare. Wannan ta ɗauki riga uku ta ce sai ƙarshen wata. Waccan ta ɗaga wando ta ce, "Haba Maman yara, wannan ma sai kin sayar mini?" Kafin la'asar rabi ya tafi a bashin da ba za ki iya bi ba, wani kashi ya tafi a kyautar da kunya ta ƙwata, ki koma ɗaki babu kuɗin takalma, babu kuma natsuwar wanda ya bayar don Allah.

Saboda haka abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: kowace riga ki yanke mata hukunci a cikin ɗaki, kafin idon kowa ya gan ta. Ta sayarwa ce ko ta bayarwa ce. In kin yanke, kada su sake haɗuwa a tabarma ɗaya, kada su fita rana ɗaya, kada su bi hannu ɗaya. Ki yi wannan zaman tare da maigidan, domin wasu kayan da kuɗinsa aka saya, kuma shi ne zai tsaya miki a gaban mahaifiyarsa.

Ki fara da na bayarwa, kuma ki ɗiba daga masu kyau. Na san zuciya za ta ce a sayar da na Amurka, a bayar da koɗaɗɗu. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufin mummunan abu mu bayar, irin wanda mu da kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Ba na ce ki bayar da duka masu kyau ba, kina da buƙata, kuma takalmin makarantar ɗanki haƙƙi ne a kanki. Amma in kin ɗaga riga kin ga ba za ki bar 'yarki ta je makarantar allo da ita ba, to ba ta isa sadaka ba. Ni da zan raba, kashi ɗaya cikin uku na masu kyau zan ware wa bayarwa. Ki tuna kuma wannan sadaka ce, ba ta shiga lissafin zakka.

Wa za a ba? Na jiki tukuna, domin ya zo a hadisi cewa sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Bayan su, ba sai kin yi nisa ba. Malamar makarantar Islamiyyar yaranki ta san yaron da ke zuwa da riga ɗaya. Magajiyar unguwa da matar liman sun san gidan da aka yi rasuwa aka bar marayu. Ma'aikatan awo a asibitin Mamobi suna ganin uwar da ta zo da jariri a naɗe a tsohon zane. Ga 'yan matan kayaye da ke sauka daga arewa suna dakon kaya a Madina da Agbogbloshie da Tema Station, da yawa da goyo, suna kwana a barandar shaguna, kuma in hunturu ya shigo a Disamba 'ya'yansu ne suka fi jin jiki. Rigunan sanyin da yayarki ta aiko, waɗanda zafin Accra bai bar yaranki sun sa ba, a nan ne wurinsu. In kina son kaiwa gidan marayu na Osu, ki fara zuwa ko ki aika a tambayi shekarun yaran da abin da suke buƙata, kada ki sauke musu buhun da zai zama musu aiki. Kowane ƙunshi ya tafi a wanke, a goge, a ninke, an haɗa na shekara ɗaya wuri ɗaya.

Yanzu na sayarwa, kuma a nan sai kin danne zuciya. Mai saye ba ta biyan tunanin ranar da yaron ya fara tafiya a cikin wandon. Abokiyar gasarki kuma ba maƙwabciya ba ce, Kantamanto ce, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ƙungiyar The Or Foundation da ke aiki a kasuwar ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara, ko da yake ƙungiyar dillalan gwanjo ta ce asarar ba ta kai haka ba. Ko gobarar da ta cinye yawancin kasuwar a ranar 2 ga Janairun 2025 ba ta tsayar da cinikin ba, 'yan kasuwa sun sake kafa rumfunansu. A garin da gwanjo ya yi wannan yawa, babu mai ba ki rabin kuɗin sabo. Kafin ki sa wa komai kuɗi, ki shiga Kasuwar Mamudu ta Nima ran Laraba, ki tsaya wurin masu kasa kayan yara, ki taya riga irin taki, ki ji inda ake sallamawa. In kina da hali ki hau trotro, motar haya, zuwa Kantamanto da sassafe ranar buɗe dila, ki ga bambancin kuɗin zaɓen farko da na abin da ya rage bayan an tsince. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kayanki masu kyau ki ajiye su kusa da kuɗin zaɓen farko, ki ɗan sauko ƙasa kaɗan. Abin da kika fi 'yan kasuwa da shi, kayanki a wanke suke, an san gidan da suka fito, kuma mai saye ba ta kashe kuɗin mota ba.

Ɗinkakkun kayan Salla, shadda da leshi da atamfa na yara, su ne Kantamanto ba ta da su, kuma su za su fi kawo miki kuɗi. Ki riƙe su sai azumi ya kai tsakiya, lokacin da teloli suka daina karɓar ɗinki, uwa mai yara huɗu tana lissafin yadda za ta fitar da kowa ranar Idi. Takalma da jakunkuna kafin a koma makaranta a Satumba. Komai kuma ya fi tafiya a ƙarshen wata. Ƙananan kaya kada ki wahalar da kanki da ɗai-ɗai, ki kasa su kashi-kashi: riga uku da wando biyu na ɗan shekara biyu, kuɗi ɗaya. Kamfai da singiletin da aka sa kuwa ki cire su daga lissafi gaba ɗaya. Dokar ƙasar nan tun 1994 ta hana shigo da gwanjon kayan ciki saboda lafiya, kuma dalilin bai canja ba don kayan daga ɗakinki suka fito.

In za ki bi ta dillaliya, wadda ita na fi zaɓa miki saboda Hajiya, ki nemi wadda matan unguwa suka shaida. Ku ƙirga kayan tare, ki rubuta a takarda, ki faɗa mata kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba a kowane kashi. Ku yanke la'ada tun kafin ta ɗaga ƙunshin, ku sa rana, mako biyu ya isa, ta dawo da kuɗi ko da kaya. Kada ki ba ta duka a tashi ɗaya. Ki roƙe ta ta kai su wata unguwa, Newtown ko Fadama ko Sabon Zango, don kada rigar ta dawo tana gilmawa a ƙofar Hajiya.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da abin da yayarki take nufi, kuma na ga ta yi kyau. Ku haɗu ku uku ko huɗu, 'yan adashi ɗaya, ku tara kayanku a falon ɗayarku ko a ajin makaranta bayan an tashi, da izinin malam. A gayyaci mata ta WhatsApp, a sa awa uku kacal. Kowace ta yi wa kayanta alama da zare mai launi a ciki, mace ɗaya ta riƙe kuɗi da littafi. Da yake kayan a gauraye suke, babu mai sanin na wace ce, kuma mai riƙe kuɗi tana iya cewa "ba nawa ba ne, ba ni da ikon ba da bashi" ba tare da an ji haushi ba. Ku tanadi canji, ƙananan takardun sidi da silalla, tun ana gobe. In an taya ƙasa ki ce albarka da fara'a. In an matsa, gaskiya ta ishe ki: kuɗin takalman makarantar yara ne.

Duk inda akwai tabo ko zif da ya mutu ko ɗinkin da aka gyara, ki nuna da bakinki kafin a gani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a kan abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya faɗa.

In kin sa hoto a WhatsApp ko Facebook ko shafin saye da sayarwa na Jiji, ki shimfiɗa rigar a kan farin zane ki ɗauka. Kada ki sa hoton yaranki sanye da ita. Baƙo kada ya san ɗakinki, ku haɗu a bakin titi da rana. Kuɗin MoMo, wato waɗanda ake turowa ta waya, kuma sai kin duba asusunki da kanki kin ga sun shiga, domin saƙon ƙarya da kiran "na turo miki bisa kuskure, ki maido" sun cinye mata da yawa. Rigar makaranta mai suna ko bajo, a cire kafin ta fita.

Sai Hajiya. Kada ki je mata da hujja, ki je mata da kaya. Bayan maigidan ya yi mata bayanin cewa ba za a baza komai a waje ba, ki ɗauki ƙunshin bayarwa ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ga kayan jikokinki, wa kike ganin ya fi dacewa a dangi?" Tsohuwar da aka ba rabon alheri a hannunta ba ta cika tsayawa faɗa a kan saura ba. Tsoron sammu kuwa kada ki raina mata shi, ƙauna ce ta kawo shi. Amma in zance ya yi daɗi kina iya tuna mata a hankali cewa kayan yaran nan kullum a igiyar tsakar gida suke kwana biyu-biyu, mai mugun nufi ba sai ya jira an ba shi ba. Tsarin yaro yana ga Allah, a addu'ar safe da yamma da Falaƙi da Nasi da ake tofa masa. In duk da haka hankalinta bai kwanta ba, a bi ta hannun malama ko matar liman, yadda mai karɓa ba zai san gidan da kayan suka fito ba. Wannan ma ya fi, Alƙur'ani ya ce sadakar da aka ɓoye aka kai wa matalauta ita ce mafi alheri.

Maganar ƙanwar mijinki, na gane zafin. Kin ba da abu da zuciya ɗaya, kin gan shi a jikin baƙuwa. Amma daga ranar da buhun ya shiga hannunta ya zama nata. An taɓa ba Barira nama sadaka, ta kawo gidan Annabi, ya ce a gare ta sadaka ne, a gare mu kyauta ce. Abu in ya canja hannu, hukuncinsa ya koma ga mai shi na yanzu. Ba ki san abin da ya sa ta sayar ba. Wataƙila kayan ba su yi wa 'ya'yanta daidai ba, wataƙila ranar babu na cefane, ko magani aka rubuta. Ladanki an rubuta tun ranar. Kada ki tayar da zancen, kada ki kai wa yayanta. Gaba in za ki ba ta, ki tambayi girman yaranta ki zaɓi abin da za su sa yanzu, biyar ko shida, maimakon buhu.

Waɗanda suka yage ko suka koɗe, ki yanka na auduga su zama tsumman goge-goge, ki tambayi tela ko yana son sauran don cusa matashi, masu gyaran mota ma suna karɓa. Abin da ya rage a ba masu kwasar shara. Kada ko ɗaya ya shiga babbar kwatar Nima, domin kogin Odaw take zubawa, daga nan sai tafkin Korle, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da toshewar magudanan ruwa ke jawo wa garin nan.

Ranar rabon, ki zaunar da babbar 'yarki kusa da ke. Shekara 11 ta isa ta ninke, ta kuma zaɓi riga ɗaya da take so ta sa a ƙunshin bayarwa da hannunta. Sai dai kada ki faɗa mata gidan da aka kai. Ki gaya mata, ita da ƙannenta, in sun ga rigar a jikin wani yaro a makaranta ko a masallacin Idi, kada wanda ya nuna, kada wanda ya ce tawa ce.